Teɓa ba shaidar hutu ba ce: Saƙon da kitse ke aika wa hanta, zuciya da ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya ɗauko zancen ƙiba a gabashin Sakkwato a wannan lokaci, ba mamaki a yi masa kallon ƙosasshe. Yankin da 'yan bindiga suka raba dubban mutane da gonakinsu, inda uwaye ke bin layi a asibiti da yara masu tamowa, wa ke ta kitse?

A Wurno ko Rabah ko Goronyo, idan saurayi ya dawo daga ci-rani da kumatu da ɗan tumbi, barka ake yi masa: "Kai, lallai Legas ta karɓe ka!" Budurwa kuwa idan aure ya matso, burin gwaggwanni da ƙawaye shi ne ta cika ta yi ɓul-ɓul, kada dangin miji su ce a gidansu ba a ci a ƙoshi.

To amma shekara 30 ke nan da masana suka daina ɗaukar kitse a matsayin buhun ajiya kawai. Gaɓa ce mai aiki, kamar hanta ko ƙoda. Yana zuba sinadarai cikin jini, yana aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa da hanta da tsoka da jijiyoyin jini, su kuma suna aiki da abin da ya faɗa musu. Wani abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, wanda ya tashi cikin yunwa, shi wannan saƙo ya fi saurin yi wa illa ranar da ya samu sauƙi. Ta nan zancen ya shafe mu.

Ɓeran da ya tona asirin kitse

A shekarar 1949, a wani ɗakin bincike mai suna Jackson a Amurka, aka lura da wani ɓera da ba ya ƙoshi. Ci yake ba ƙaƙƙautawa har ya ninka 'yan uwansa nauyi wajen sau uku. An yi shekara 45 ana neman dalili, sai a 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller suka gano shi: kitsen wannan ɓera ba ya iya haɗa wani sinadari da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya a jiki. Aka raɗa wa sinadarin suna leftin.

A 1997 likitoci a Kambirij ta ƙasar Ingila suka gamu da yara biyu 'yan gida ɗaya masu irin wannan matsala. Ɗaya tana da shekara 8 amma nauyinta kilo 86. Da aka fara yi wa irin waɗannan yara allurar leftin, sai cin ya lafa, jiki ya sauka.

Ɗauki leftin kamar yaron da maigida ke aikawa ya leƙo rumbu. Idan ya dawo ya ce gero ya yi ƙasa, maigida zai rage awo, ya ɗage biki, ya tura kowa nema. Haka ƙwaƙwalwa ke yi idan leftin ya ragu: ta ƙara yunwa, ta rage kuzari, har ta kan dakatar da al'adar mace, domin ba lokacin ɗaukar ciki ba ne. Shi ya sa yarinyar da ta rame ƙwarai takan makara wajen fara haila.

Da farko an yi murna, an ɗauka an samu maganin ƙiba. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Yawancin masu ƙiba leftin ya yi musu yawa ne, ba kaɗan ba. Yaron na ta ihu cewa rumbu ya cika, maigida ya gaji da ihun ya toshe kunne. Sai ka ga mutum da ajiya jingim a jiki amma yunwa na cin sa kamar bai karya ba. Idan kuma ya yi ƙoƙari ya rage nauyi, leftin ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, ta matsa masa ya mayar da abin da ya zubar. Wannan ne dalilin da ya sa hana teɓa fitowa ya fi sauƙi a kan korar ta, kuma ya sa bai kamata a riƙa yi wa mai ƙiba gorin rashin haƙuri da abinci ba.

Kitse iri biyu ne, mahauta sun sani

Wanda ya taɓa sayo rago a kasuwar Achida ya turke shi har Babbar Sallah, ya san abin da ake gani ranar fiɗa. Akwai kitsen da ke kwance ƙarƙashin fata, akwai kuma wanda ya lulluɓe hanji da tumbi ya kewaye ƙoda. Jikin ɗan Adam ma haka yake, kuma waɗannan biyun ba halinsu ɗaya ba.

Tun 1947 wani likita Bafaranshe, Jean Vague, ya lura cewa masu ƙibar ciki sun fi kamuwa da ciwon suga da ciwon zuciya a kan waɗanda tasu ƙibar ta sauka a cinya da ƙugu. Daga baya aka gane dalili. Kitsen cinya da mazaunai ma'aji ne mai riƙon amana, yana karɓar mai ya ɓoye. Na cikin ciki kuwa ba ya riƙe sirri, kuma jinin da ya ratsa shi yana bin wata babbar jijiya ne da ke zarcewa hanta kai tsaye. Duk abin da ya zubar, hanta ce ke fara sha.

Ƙwayoyin kitse suna da iyakar abin da za su iya ɗauka. Idan suka kumbura fiye da kima, iska ba ta isar su, wasu su mutu. Sai sojojin garkuwar jiki su taru a wurin kamar an ji rauni. Masu bincike a Jami'ar Harvard sun nuna a 1993 cewa kitsen da ya yi yawa na fitar da sinadarin kumburi, a 2003 kuma wasu a Jami'ar Kolombiya suka nuna yadda waɗannan sojoji ke cika shi. Wani irin kumburi ne na ɓoye, babu zafi babu zazzaɓi, amma yana nan shekara da shekaru.

Akwai kuma wani sinadari mai amfani da kitse ke fitarwa, adifonektin, wanda aka gano a tsakiyar shekarun 1990. Shi ke taimaka wa hanta da tsoka su ƙone mai, su kuma saurari insulin. Abin mamaki, idan kitsen ciki ya ƙaru, shi raguwa yake yi. Wato saƙon alheri na ƙasa, na sharri na sama.

Idan dam ya cika

Mutanen Goronyo ba sa buƙatar a yi musu bayanin amfanin dam. Ruwan da ke tsare a bayansa shi ne shinkafa, shi ne albasa da tafarnuwa, shi ne kifi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2010 kuma sun san abin da ruwa ke yi idan ya bar inda aka tanadar masa.

Kitse dam ne na jiki. Muddin yana riƙe da mai, lafiya lau. Hasali ma akwai mutanen da ake haifa ba su da kitse kusan ko kaɗan, kuma su ne ke fama da ciwon suga mai tsanani, saboda man da suka ci ba shi da masauki. Matsala tana farawa ne idan ma'aji ya cika, mai ya malala inda ba wurinsa ba.

Idan ya shiga hanta, sai ta daina jin umarnin insulin, wato sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. Ta ci gaba da zuba suga cikin jini ko da ba a buƙata. Idan ya shiga tsoka, ƙofar ta yi tsatsa. Gaɓar da ke haɗa insulin, wadda ke kwance bayan tumbi kuma likitoci ke kira fankiriyas, sai ta ninka aiki don ta rufe giɓin. Tana iya yin shekara goma tana wannan wahala mutum bai san komai ba. Ranar da ta gaji, ranar ake cewa wane ya kamu da ciwon suga, alhali ciwon ya daɗe da shimfiɗa tabarma.

Saƙon bai tsaya nan ba. Kitse na fitar da sinadaran da ke matse jijiyoyin jini, su sa ƙoda ta riƙe gishiri, daga nan sai hawan jini, wanda shi ne kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Yana kuma juya sinadarin mazantaka ya koma na mata, shi ya sa babbar teɓa kan zo da raguwar kuzarin namiji. Kafin ka kashe kuɗi wajen mai tallan maganin maza a tasha, ɗan'uwa, fara duba ɗamararka. A wajen mata kuwa, yawan insulin na iya rikita al'ada ya jinkirta samun ciki.

Abin lura: dam ɗin kowa da girmansa. Wani zai yi kilo 100 sugansa lafiya, wani bai kai 70 ba nasa ya riga ya malala. Sirantaka ba takardar shaidar lafiya ba ce, musamman ga mai siraran hannuwa da ƙafafu amma ciki ya turo riga.

Abin da aka gani a Sakkwato

Wani zai ce ai wannan ciwon 'yan birni ne, ciwon masu kuɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma gaskiyar ce ya kamata ta tsorata mu. Likitan ciwon suga Anas Ahmad Sabir da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulani mazauna birnin Sakkwato, suka wallafa a 2011 cewa kashi 4.6 cikin 100 na da ciwon suga. Da suka auna Fulanin karkara, a sakamakon da ya fito a 2013, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Jini ɗaya, asali ɗaya, jiha ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne ci da motsi.

To wannan ƙaura daga rayuwar ƙauye zuwa ta birni, su wa ke yin ta yau? Mu ne. Iyayenmu sun yi noma da fartanya, sun yi ban-ruwa da hannu, sun taka daga ƙauye zuwa kasuwa, abincinsu fura da nono da tuwon dawa. Matashin yau yana wuni a kan kabu-kabu, ko a zaune a shagon cajin waya ko rumfar POS. Karin safe shayi mai kauri da burodi, rana shinkafa da lemon kwalba, dare Indomie wajen mai shayi. Furar ma yanzu sai an zuba mata suga cokali uku. Rashin tsaro ya ƙara hanzarta abin: tun harin Tabanni na 2018 da ya kwararo da jama'a zuwa Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, iyalai nawa ne suka bar gona suka koma zaman gari?

Ga kuma inda yunwa ta shigo. A 1992 wasu masana biyu a Ingila, Nicholas Hales da David Barker, suka kawo bayanin cewa jaririn da ya sha yunwa a ciki ko a farkon rayuwa, jikinsa kan ginu ne bisa shirin zaman ƙunci: tsoka kaɗan, gaɓar insulin ƙarama, ga saurin ɓoye duk abin da ya samu. Idan irin wannan jiki ya faɗa cikin suga da mai da zama wuri ɗaya, da wuri yake cika ya malala.

Ba sai mun je Turai neman hujja ba. A 2010 aka wallafa binciken da aka yi a Inugu kan mutum 1,339 da aka haifa tsakanin 1965 da 1973. Waɗanda yunwar yaƙin Biyafara ta same su suna ciki ko suna jarirai, sun fi sauran yawan hawan jini da matsalar suga da ƙiba bayan sun kai shekara 40.

Yanzu haɗa wannan da ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018, wadda ta nuna fiye da rabin yaran Jihar Sakkwato 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Ba ana cewa duk wanda ya sha wuya yana yaro zai kamu ba ne. Ana cewa ne nasa dam ɗin ƙarami ne, dole ya fi kowa sa ido. Tamowar yau da ciwon sugan gobe, igiya ɗaya ta ɗaure su.

"Sha ka fashe": ƙibar da ba ta Allah da Annabi ba

'Yan uwa mata, ga taku. Ƙwayoyin ƙiba da ake saya a kemis ko hannun masu gyaran amare, waɗanda wasu ke kira "sha ka fashe", galibi abu biyu ne. Ɗaya maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Ɗayan, wanda za ki ga an rubuta Dexamethasone a kwalinsa, shi ne mugun. Magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman, na ɗan lokaci, da lissafi.

Idan aka daɗe ana shan sa, ba ƙiba yake sawa irin wadda ake so ba. Kwashe tsoka yake daga hannu da cinya, ya tara kitse a ciki da fuska da bayan wuya, ya riƙe ruwa a jiki. Fuska ta yi fam kamar faranti, fata ta yi laushi ta tsage da nankarwa, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Wato daidai kitsen da muka ce ya fi haɗari, shi ake saya da kuɗi. Masu yaba wannan cika, kallon kitse suke yi wa rogo. Wasu mayukan bilicin ma na ɗauke da dangin wannan magani, kuma yana ratsa fata ya shiga jini.

Gargaɗi mai muhimmanci: wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin jiki ya riga ya daina haɗa nasa sinadarin, yankewar gaggawa na iya kai mutum kushewa. A je asibiti a faɗi gaskiya, likita zai rage shi sannu a hankali.

Gwajin igiya

Ba sai kana da sikeli ba. Samo igiya, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke. Ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. Idan bakin biyu suka haɗu, madalla. Idan suka ƙi haɗuwa, faɗin cikinka ya wuce rabin tsawonka ke nan, kuma alama ce cewa kitsen ciki ya fara yawa. Mai juna biyu ban da ita.

Idan da tef ɗin tela ne, ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada namiji ya kai inci 37, mace kuma inci 31 da rabi.

Sauran alamun da ba a wasa da su: baƙin shaci mai kauri a bayan wuya ko hammata wanda wanka ba ya fitarwa, yawan ƙishirwa, yawan fitsarin dare, gyambon da ya ƙi warkewa, da rama ba dalili. Mai irin waɗannan, ko wanda ciwon suga ke gidansu, ya je babban asibitin garinsu ko cibiyar lafiya a auna shi da safe kafin ya ci komai. Idan awon ya kai 126, ko 7 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka samu haka, ciwon suga ne. Awon jini da ke kai 140 bisa 90 a kai a kai kuwa hawan jini ne. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba.

Labari mai daɗi

Kitsen ciki da na hanta su ne ke fara narkewa idan aka motsa. A wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da suka rage ɗan nauyi suka kuma riƙa tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. A Birtaniya kuma, a 2017, kusan rabin masu ciwon da aka sa a tsarin rage nauyi ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sugansu ya koma daidai bayan shekara guda. Wannan ba izinin ajiye magani ba ne, hujja ce cewa jiki na karɓar gyara.

Tsoka ma tana da nata saƙon. Idan tana aiki, tana zuƙe suga daga jini ko da insulin bai buɗe mata ƙofa ba. Minti 30 na tafiya mai sauri, kwana biyar a mako, ya isa mafari. Ƙwallon yamma, keke, aikin fadama, duk suna ciki. Mai kabu-kabu ya ajiye mashin ya taka zuwa masallaci.

Sai abin sha. Kwalbar lemo ta santilita 50 na iya ɗaukar suga kimanin ƙaramin cokali 12, wato kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce a yini guda. Rabin wannan suga hanta ce ke fama da shi, kuma idan ya yi yawa mai take mayar da shi. Rage na shayi, bar fura da ɗanɗanonta.

Abincinmu na gado ba shi da laifi: gero, dawa, wake, gyaɗa, zogale, rama, kuka, kifin gulbi. Shinkafar da muke nomawa ma ba abokiyar gaba ba ce, a dai rage tulin, a haɗa ta da wake da ganye. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi.

Kada a manta da barci. A wani gwaji a Jami'ar Shikago a 2004, samarin da aka bari suka yi barcin awa huɗu kacal na dare biyu, leftin ɗinsu ya ragu, yunwa da kwaɗayin zaƙi suka ƙaru. Mai raba dare a TikTok ya ji da kyau.

Wanda kuma yake da ƙanwa ko mata mai ciki, ko yaro ƙasa da shekara biyu a gida, ya sani cewa ƙwai ɗaya, kofin nono ko kunun gyaɗa da ya kai musu yau, rigakafin ciwon da zai iya zuwa bayan shekara 40 ne.

Neman ilimin lafiya ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma kabarinsa ke Wurno, duk da nauyin mulki da tsaron ribaɗi sai da ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Ƙungiyoyin matasanmu da ke iya haɗa gasar ƙwallo da taron siyasa, za su iya haɗa ranar awon suga da hawan jini a kasuwar Goronyo ko ta Achida, su kuma tambayi shugabannin ƙananan hukumomi ko kowace cibiyar lafiya na da na'urar awo mai aiki. Kafin nan, igiya dai ba ta da tsada. A gwada yau, a gwada wa Baba da Inna ma.